Darasi: Naɗin Alƙalan Kotun Ƙoli a Amurka

Ɗalibai, Kotun Ƙoli ta Amurka tana da alƙalai 9. Shugaban ƙasa ne ke gabatar da suna, sa'an nan Majalisar Dattawa ta amince ko ta ƙi. Wanda aka naɗa yakan zauna a kujerar har ya mutu ko ya yi murabus. Shi ya sa gardama ke yin zafi.

A 2016, Alƙali Antonin Scalia ya rasu, Shugaba Obama ya gabatar da Merrick Garland. 'Yan Jam'iyyar Republican, masu rinjaye a majalisar, suka ƙi ko sauraronsa, suka ce shekarar zaɓe ce, a jira sabon shugaba. A 2020 kuwa, bayan rasuwar Ruth Bader Ginsburg, Shugaba Trump ya gabatar da Amy Coney Barrett. Aka amince da ita da ƙuri'a 52 a kan 48, saura kwana 8 a yi zaɓe. 'Yan Democrat suka ce an auna da mudu biyu. 'Yan Republican suka ce a wannan karo shugaban da majalisar jam'iyyarsu ɗaya.

Maimaitawar Shari'a 16:18-19 ta umarta a naɗa alƙalai marasa son zuciya. In jama'a suka ga hanyar naɗin ta karkace, da wuya su yarda da hukuncin da zai biyo baya.

Tambaya: Wace ƙa'ida za ku kafa, wadda za ku yarda da ita ko jam'iyyarku ce ta faɗi zaɓe?