Gadon Uwa: Yadda Aka Bi Salsalar Wata Baturiya Har Zuwa Gidan Sarautar Ingila

Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, amma ilmin halittu ya nuna akwai gadon da uwa kaɗai ke bayarwa. A cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum akwai wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, waɗanda ke samar wa jiki kuzari. Suna da nasu sinadarin gado na DNA, mai haruffa 16,569. Ɗa da ɗiya duka suna karɓarsa daga uwa, sai dai ɗiya ce kawai ke miƙa shi ga 'ya'yanta. Da yake ba ya cakuɗuwa da na uba, yakan daɗe bai sauya ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Wannan ƙa'ida ce ta yi aiki a kan Joy Ibsen, haifaffiyar Ingila da ta yi ƙaura zuwa Kanada bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 2004 masanin tarihi John Ashdown-Hill ya bi tsofaffin takardun nasaba, daga uwa zuwa ɗiya, ya gano cewa ta fito daga tsatson Anne ta York, yayar Sarki Richard na Uku wanda aka kashe a yaƙin Bosworth a 1485. Uwarsu ɗaya, saboda haka gadonsu na mitokondiriya ɗaya ne.

Joy ta rasu a 2008. A 2012 masu bincike na Jami'ar Leicester suka haƙo wani ƙwarangwal a ƙarƙashin filin ajiye motoci a birnin. Dakta Turi King ta gwada DNA ɗinsa da na ɗan Joy, suka yi daidai. An kuma gwada wata 'yar zuriyar Anne ta wani reshe, aka sami bambancin harafi ɗaya tak.

A nan akwai abin lura ga ɗalibi. DNA ba ya faɗin suna; mutanen da ba su san juna ba na iya yin tarayya a irinsa. Takardu su ma sukan yi kuskure: da aka gwada gadon ɓangaren uba, bai dace da na mazan da takardu suka danganta da sarkin ba. Sai da aka haɗa takardu da DNA da raunukan yaƙi da karkatar ƙashin baya, sannan aka tabbatar Richard ne. An sake binne shi a Leicester a 2015.