Harajin Gidaje da Kashe Gobara a Birnin Kano

A hutun hunturun bara, ina gidanmu a cikin Birni kusa da Kasuwar Kurmi, sai gobara ta tashi da tsakar dare a gidan maƙwabcinmu. Garwashin jin ɗumi ne ya kama katifa. 'Yan kwana-kwana sun zo da wuri, amma lungunmu ko amalanke da ƙyar take wucewa, balle mota. Da bokitai muka yi ta miƙa ruwa hannu da hannu har asuba. Allah ya tsare rai, amma ɗakuna uku sun ƙone ƙurmus.

Da gari ya waye na ce da mahaifina, "Baba, wa ke biyan kuɗin kashe gobara?" Ya ce, "Ashe ba kai ne ɗan boko ba? Je ka bincika." Ga abin da na samo bayan mun dawo makaranta.

A Kano, hukumar kashe gobara ta Gwamnatin Jiha ce, kuma daga baitulmalin jiha ake sayen motoci da biyan albashi. Harajin gidaje kuwa, Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi, irin su Dala da Gwale, aikin ƙiyasta gidaje domin karɓarsa, amma Majalisar Dokokin Jiha ce ke yanke abin da za a biya. Wato masu karɓa daban, masu sa iyaka daban.

A wasu sassan Amurka ba haka tsarin yake ba. Can akwai gundumomin kashe gobara da ke dogara da harajin gidajen yankinsu. A 1978 mutanen Kalifoniya suka jefa ƙuri'a cewa kada harajin gida ya wuce kashi 1 cikin 100 na darajarsa. Masu gidaje sun sami sauƙi, amma kuɗin gundumomin ya ragu, har sai da jiha ta tallafa musu.

Mu ma mun san zafin haraji. Kakana har yau yana yi wa Gwamna Abubakar Rimi addu'a saboda soke haraji da jangali da ya yi a 1979. Don haka sa iyaka daidai ne, kada a matsa wa talaka. Amma wanda ya tuna gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016 ya san ruwa da mota ba sa zuwa kyauta.

A ganina, a bar harajin gidaje ya zama kaɗan, amma doka ta ware wani kaso daga ciki domin sayen ƙananan motocin da za su shiga lungu, da gina tankunan ruwa a unguwanni. 'Yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne masu gidajen nan. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu daga gobara, amin.