Yadda Za Ka Kama Layi Da Linzami Ka Gyara Shi A Tkinter

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan sashen kimiyyar kwamfuta masu shirin shiga ND II. Daga cikin furojet ɗina na ciro wannan darasi. Sai da na sha wuya kafin na gane shi, shi ya sa na ga bai kamata in bar makarantar nan ban raba muku ba.

Kawuna aikin famfo yake yi. In aka haƙa rijiyar burtsatse a unguwa, shi ake kira ya ja bututu zuwa gidaje. A takarda yake zana hanyar, da wani ya ce a kauce wa ƙofar shagonsa sai ya goge ya sake lissafi. Na ce bari in yi masa 'yar manhaja da za ta zana hanyar ta faɗi tsawon bututun. Ranar da na fara nuna wa malamin da ke duba aikina, ya kalli layin ya ce, "To, jawo mini wannan kwanar zuwa nan." Na ce, "Malam, sai dai a goge a sake zanawa." Ya ce, "In haka ne, da me ka fi takardar kawun naka?" A lokacin saura mako uku difens.

Da wane kayan aiki?

Da Tkinter na yi, domin tare yake zuwa da Python a Windows, ba sai ka ƙona data ba. A ƙarƙashinsa akwai Tk, akwatin kayan gina tagogi da maɓallai wanda John Ousterhout ya fitar a 1991 yana Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Ita kuwa dabarar kama zane a kan allo ta girmi haka: tun 1963 Ivan Sutherland ya nuna ta a MIT da manhajarsa Sketchpad, da alƙalami mai haske maimakon linzami.

Abin da za mu yi zane a kai sunansa Canvas, ni "allo" nake ce masa. Ka riƙe wannan: sifilin allo yana kusurwar hagu ta sama. Lambar x tana ƙaruwa zuwa dama, y kuma tana ƙaruwa zuwa ƙasa, saɓanin girafin da muka saba a lissafin sakandare.

Mataki na 1: Raba bayani da zane

Kuskurena na farko shi ne na ɗauki abin da ke kan allo a matsayin layin. Ainihin layin jerin ɗigogi ne da ka ajiye, abin da ido ke gani inuwarsa ce kawai.

maki = [(100, 100), (300, 100), (300, 250)]
layi = allo.create_line(maki)

Umarnin create_line yana dawo maka da lamba, ita ce shaidar wannan layin a wurin allo. Kada ka yar da ita. Duk gyaran da za a yi, a cikin maki za a fara yi, sannan a sanar da allo.

Mataki na 2: Sa wa kowace kwana mariƙi

Layi siriri ne, ba wanda zai iya saita linzami daidai kan fiksel ɗaya. Don haka a kan kowane ɗigo sai ka zana ɗan da'ira da create_oval, daga x-6, y-6 zuwa x+6, y+6. Wannan shi nake kira mariƙi, kamar na kofi. Faɗinsa fiksel 12 ya yi mini daidai. Da na gwada ƙarami, kawu ya yi ta dannawa yana kuskurewa. Ka zana mariƙan bayan layin, ko ka ɗaga su sama da tag_raise, domin abin da aka zana daga baya shi ke zama a sama.

Mataki na 3: Danna, ja, saki

Jan abu da linzami aukuwa uku ne, kowacce da sunanta. <Button-1> ita ce danna maɓallin hagu. <B1-Motion> ita ce motsa linzami alhali maɓallin yana danne. <ButtonRelease-1> ita ce saki. Da tag_bind ake ɗaure kowacce da aikin da zai amsa ta.

In aka danna, ka rubuta lambar ɗigon da aka kama. In ana ja, ka ɗauki sabon x da y daga aukuwar, ka canza ɗigon a cikin maki, sannan ka motsa mariƙin da layin da umarnin coords:

jere = [n for digo in maki for n in digo]
allo.coords(layi, *jere)

Layin farko yana baje ɗigogin su zama lambobi zalla a jere. Sai daga Python 3.12 coords ya fara yin wannan da kansa, kuma ka san ba kowace kwamfutar lab ce ke da sabo ba. In aka saki, ka share lambar da ka rubuta. Idan kuma allonka na gungurawa ne, ka bi da lambobin ta canvasx da canvasy, in ba haka ba mariƙi zai riƙa tsalle nesa da linzami.

Ramuka biyu da na faɗa

Na farko, na riƙa goge komai ina sake zanawa a kowane motsi. Sai ja ya riƙa tsinkewa, domin mariƙin da na kama na goge shi da hannuna, aukuwar ta rasa inda za ta je. Magani: lokacin ja, coords kawai.

Na biyu ya cinye mini dare biyu. Duk mariƙin da na kama, sai ɗigon ƙarshe ne ke motsi. Wallahi har na fara zargin linzamin. Ashe lambda da na rubuta a cikin for ba ta ajiye ƙimar i a lokacin rubutawa, sai lokacin da aka kira ta take dubawa, a lokacin kuwa i ya riga ya kai ƙarshe. Wata 'yar ajinmu ce ta leƙo ta ce, "Kai, sa i=i mana." Ga shi:

lambda e, i=i: kama(i)

Haruffa uku. Tambaya dai rabin ilimi ce, da na yi ta tun daren farko da na yi barci.

Mataki na 4: Ƙara kwana da cire ta

In mutum ya danna sau biyu kusa da layi, wato <Double-Button-1>, muna so sabon ɗigo ya shiga. Tambayar ita ce tsakanin waɗanne biyu? Sai ka auna nisan wurin da aka danna daga kowane gutsuren layi, ka zaɓi mafi kusa.

Misali, gutsure daga A (100, 100) zuwa B (300, 100), an danna a P (180, 130). Daga A zuwa P akwai 80 da 30. Daga A zuwa B akwai 200 da 0. Ka ninka su bi da bi ka haɗa: 80 sau 200 da 30 sau 0, ya ba da 16,000. Ka raba da tsawon AB sau kansa, wato 40,000. Ka sami 0.4. Ma'ana wurin da ya fi kusa da P yana kashi 40 cikin 100 na tafiya daga A zuwa B, wato (180, 100), nisansa kuwa 30. In amsar ta gaza 0 ka mai da ita 0, in ta wuce 1 ka mai da ita 1, don kada ka fita daga gutsuren. In A da B suka hau kan juna kuma, tsawon sifili ne, ka tsallake wannan gutsuren kafin rabawa ta kashe maka manhaja.

Cirewa da maɓallin dama nake yi, <Button-3> a Windows. Amma kada ka bari ɗigogi su gaza biyu, Tk ba ya karɓar layi mai ɗigo ɗaya. Bayan ƙari ko cirewa lambobin ɗigogi sun canza, to nan ne ya dace ka goge mariƙai ka sake su.

Mataki na 5: Lanƙwasa

In ka ƙara smooth=True, kwanoni masu kaifi za su zama lanƙwasa mai santsi. Irin wannan lissafi ya yi suna ne daga masana'antar motoci ta Faransa, inda Pierre Bézier ya yi aiki da shi a Renault a shekarun 1960. Sai dai ka lura: layin zai taɓa ɗigon farko da na ƙarshe, amma na tsakiya jan sa kawai suke yi, ba ya bi ta kansu. Saboda haka in ka haɗa nisan ɗigo zuwa ɗigo, amsar za ta fi tsawon lanƙwasar. Ni a nawa na bar bututu da kwana mai kaifi, tunda da gwiwa ake juya shi. Na sa fiksel 10 ya zama mita 1: daga (100, 100) zuwa (130, 140) fiksel 50 ne a lissafin Pythagoras, wato mita 5.

Ƙananan abubuwa masu kawo maki

Don layi ya miƙe ba karkata, ka raba x da 10, ka yi round, ka sake ninkawa da 10: 187 ya koma 190, 143 ya koma 140. Don komawa baya, duk lokacin da aka danna ka ajiye kwafin maki, ka ɗaure <Control-z> ya dawo da shi. Kwafi na ce, ba sunan jerin ba, in ba haka ba duk abin da ka ajiye zai riƙa canzawa tare da na yanzu. Sannan ka riƙa adana maki a fayil da json bayan kowane saki. Ka san halin wuta da batirin laftof ɗinmu.

Ranar difens ɗaya daga cikin malaman ya karɓi linzamin da kansa, ya ja kwana, tsawon bututu ya canza a ƙasan allo, ya danna Ctrl da Z ya dawo. Tambayar da ya yi mini ita ce me zai faru in aka ja ɗigo ya fita daga allo. Ban tanadi wannan ba, kuma na faɗa masa gaskiya. Gyaran layi biyu ne da min da max, na bar muku shi a matsayin aikin gida. Wanda ya maƙale ya neme ni a lab kafin mu gama kiliyarans. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya.