Yadda ake auna gudun tsakuwar danƙo da gwangwani da kirtani

Duk wanda ya yi harbin tsuntsu da danƙo yana yaro ya san tsakuwa ba ta ganuwa da zarar ta bar roba, sai dai a ji tas a jikin reshe. To yaya za a auna gudun abin da ido ma bai kama shi ba, balle agogo? Wani injiniyan soja ɗan Ingila, Benjamin Robins, ya bayyana mafita a 1742 cikin littafinsa kan harbin bindiga da igwa. Shi gudun harsashi yake nema. Sai ya rataye katako mai nauyi kamar lilo, ya harbe shi, ya auna iya inda lilon ya kai. Ana iya yin irin wannan a tsakar gida ko a filin makaranta.

A samu gwangwanin madara babba, a cika shi da ɗanyen yumɓu mai laushi. A ɗora tsakuwar a sikeli, a ce ta yi giram 20. Sai a rage yumɓun ko a ƙara har gwangwanin ya kai giram 980, domin idan tsakuwa ta shige ciki su tashi kilo ɗaya cif, lissafi ya zo da sauƙi. A rataye shi a kwance, bakinsa na kallon mai harbi, da kirtani huɗu masu tsawon mita ɗaya, biyu gaba biyu baya, a jikin azara ko reshen darbejiya. Kirtani ɗaya ba ya yi, gwangwanin juyi zai riƙa yi kamar katantanwa. A kafa allo a gefe, a ja masa layuka da alli, a jingina waya tana ɗaukar bidiyo. Robins ƙyalle ya ɗaura a gindin lilonsa yana duba tsawon da aka ja. Mu Allah ya hutar da mu. Yara kuwa duk su koma bayan mai harbi.

Sai a harba daga kusa, a saiti tsakiyar yumɓun. Idan tsakuwar ta dawo, a soke wannan karon a sake, domin sai ta nutse ta zauna ake so. A duba bidiyon a ga iya tashin da gwangwanin ya yi sama. A ce santimita 5 ne.

Lissafin daga ƙarshe ake faro shi, a dawo baya. Lilon da gwangwani ya yi bayan karo tafiya ce a natse, kusan ba abin da ke cin makamashinsa, don haka makamashin motsi ya koma na tsayi gaba ɗaya. A ninka 9.8, wato jan da ƙasa ke yi wa abu, sau biyu, sannan sau mita 0.05. Za a samu 0.98. Lambar da in an ninka ta da kanta take ba da wannan ita ce gudun gwangwanin: kusan mita ɗaya a daƙiƙa.

Yanzu a koma kan karon kansa, inda ɗalibai da yawa ke zamewa. A nan makamashin motsi ba ya tsira. Abin da ke tsira shi ne momentam, wato nauyin abu sau gudunsa. Bayan karo, kilo ɗaya sau mita ɗaya a daƙiƙa, momentam ɗaya ke nan. Kafin karo gwangwani a tsaye yake, saboda haka tsakuwa ce kaɗai ta zo da wannan ɗayan. A raba ɗaya da kilo 0.02, sai a samu mita 50 a daƙiƙa, kilomita 180 a awa ke nan. Ba mamaki kurciya ba ta iya kaucewa.

Da mai lissafi ya ɗauka makamashin tsakuwa ne ya shiga lilon dukansa, da mita 7 kacal a daƙiƙa zai samu. Ga dalilin: tsakuwar ta zo da makamashi jul 25 (jul shi ne ma'aunin makamashi), amma gwangwanin da rabin jul ya tashi. Kashi 98 cikin ɗari ya tafi wajen huda yumɓu, da ɗan zafi, da ƙarar da aka ji. Bai ɓace ba, sura ya sauya. Wannan shi ne karo mai mannewa.

Kishiyarsa, karo mai tsalle, ana ganin kusan irinsa a teburin sunuka: ƙwallo ta bugi 'yar'uwarta daidai tsakiya, ta tsaya cak, ɗayar ta wuce da gudunta. Can momentam da makamashin motsi duka suna tsira. John Wallis da Christopher Wren da Christiaan Huygens ne suka tsara dokokin waɗannan karo tsakanin 1668 da 1669. Shi ya sa aka ce a soke harbin da tsakuwa ta dawo: wadda ta yi tsalle baya ta fi wadda ta nutse tura gwangwani, har kusan ninki biyu, sai a ba danƙo gudun da ba shi da shi.

A yi harbi biyar, ana toshe ramin yumɓun kowane karo, a ɗauki matsakaicin abin da aka samu.