Kayan Goge Bindigar Farauta: Wanda Za Ka Saya da Wanda Za Ka Bari a Shago

In kana da bindigar farauta a gida, ta toka ce ko mai baki biyu, tsatsa ce ke cin ta fiye da yawan harbi. Mai shago zai ɗauko maka akwati cike da tarkace masu ƙyalli, amma rabinsu ba za ka taɓa waiwayarsu ba. Kaya kaɗan sun wadatar, muddin sun dace da bindigarka.

1. Sauke harsashi tukuna, sannan ka taɓa kayan guga.
Karya bindigar, ka leƙa da idonka, ka kuma sa yatsa ka ji, sannan ka kai harsasan wani ɗaki daban. Ta toka ba a leƙa cikinta haka, don haka ranar da ka tabbatar babu komai a ciki, zura sandar ɗuri har ƙasa ka yi mata alama daidai bakin bindigar. Duk ranar da ka zura sanda alamar ta tsaya a sama, akwai ɗuri a ciki, ko da kuwa ka rantse kai ka sauke ta da hannunka.

2. San faɗin bututunka kafin ka fita kasuwa.
Bindigar kamfani tana da lamba a jikin bututu: mai lamba 12 faɗin cikinta kusan milimita 18.5 ne, mai lamba 20 kuwa bai kai milimita 16 ba, wato ƙaramar lamba ita ce babban baki. Buroshin da ya yi ƙanƙanta zai wuce bai goge komai ba, wanda ya yi girma kuma ya maƙale a tsakiya. Ta ƙirar maƙeri ba ta da lamba, sai ka auna bakin ka tafi da awon.

3. Zaɓi sandar gugar da ba ta kai bututun ƙarfi ba.
Ta tagulla, ta alminiyam, ko mai rufin roba, duk sun yi. Rodi ko wayar ƙarfe kuwa kankare cikin bututu suke yi, kuma a nan tsatsa ke samun wurin zama. In mai gaɓa-gaɓa ce da ake ɗaurawa, shafa mahaɗar da yatsa tun a shago, in ka ji kaifi ka mayar musu da kayansu. Akwai kuma wata igiya mai ɗan nauyi a baki da ake jefawa ta bayan bututu a jawo ta gaba, tana da daɗin sha'ani a daji, sai dai ba ta aiki a ta toka tunda bayanta a toshe yake.

4. Buroshi biyu sun ishe ka.
Na tagulla don cikin bututu, sai tsohon buroshin haƙori don lungunan kunama da mahaɗa. Tura na tagullar ya fita gaba ɗaya kafin ka jawo shi baya, don juya shi a tsakiya na lanƙwasa gashinsa. Soson ƙarfe na wanke tukunya ka bar wa uwargida kayanta, yana kwashe baƙin da ke kare ƙarfen.

5. Kada ka kashe kuɗi a kan tsumma.
Tsohuwar singileti ta auduga, wankakkiya, a yanka ta ƙanana, ta fi yadin roba shan datti nesa ba kusa ba. Yi ta canzawa har sai wanda ka tura ya fito fari.

6. Ruwan narkar da datti daban, mai daban.
Na farko yana jiƙa ragowar hayaƙi da darma su saki, na biyu yana hana tsatsa. Cikin na waje da suka yi suna akwai Hoppe's No. 9 da ake yi a Amurka tun 1903, da Ballistol na Jamus da ya fito a 1904, wanda ake shafa wa ƙarfe da katako da fata baki ɗaya. In ba su samu ba, man keken ɗinki yana riƙe ƙarfe sosai kuma ba ya da tsada. WD-40 kuwa korar ruwa ne aikinsa, ba ya daɗewa a jiki, sai ka bi bayansa da mai na gaske.

7. Man kicin ya tsaya a kicin, fetur ya tsaya a tanki.
Man gyaɗa da man ja suna yin danƙo bayan ɗan lokaci, su riƙe kunama ta ƙi sakuwa daidai lokacin da kake buƙatarta. Fetur kuwa tururinsa kaɗai ya isa ya kama wuta daga murhun da ke gefe.

8. Ta toka, ruwan zafi da sabulu ne maganinta.
Wannan na ba mutane mamaki, amma ragowar albarushin gargajiya tana jawo laima daga iska, kuma ruwa ne ke narkar da ita. In ka zuba mai a kanta ba ka wanke ba, sai ta daskare ta koma kamar kwalta. Wanke ta a ranar da ka yi harbi, kada ta kwana, ka yi ta cuɗawa har ruwan ya fito garau. Zafin ruwan zai taimaka ƙarfen ya bushe da wuri, sai ka bi da busasshen tsumma har sau biyu ko uku kafin mai ya shiga.

9. Yawan mai ya bi yanayi.
Da hunturu ɗan shafe kawai, don ƙura na manne wa mai ta riƙa cin ƙarfe a duk inda yake gogayya. Da damina ka riƙa dubawa kowane mako ko ba ka yi harbi ba, domin gumin hannu kaɗai na barin tsatsa. Jingine bindigar baki ƙasa bayan guga, kada mai ya gangara cikin ƙota ya laushe katakon har ya tsage.

10. Sa ƙaramar tocila cikin kayan.
Zanzaro na son ramin bututu, ya cika shi da laka cikin 'yan kwanaki ba ka sani ba. Haka ma guntun tsumman da aka manta a ciki. Harbi da toshasshen bututu na iya fasa shi a hannun mai shi, don haka haska ka leƙa bayan kowace guga da kuma kafin fita farauta.

11. Tanadi akwati mai kwaɗo, da sabulun wanke hannu.
Kube na fata yana riƙe laima, na tafiya ne, ba na ajiya ba. 'Yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, tara su ka zuba a akwatin. Kada ka juye ruwan guga a kwalbar lemo, yaro ba zai bambanta ba, kuma ka wanke hannu sosai kafin ka ci abinci saboda darma guba ce. Takardar lasisi, wadda Dokar Makamai ta 1959 ta wajabta a Najeriya ga irin mai baki biyu, sa ta a leda nesa da kwalbar mai don kada rubutun ya goge.