Zagayen Padley: ga sabon zuwa Ingila da ɗaki ya ishe shi

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da suka zo karatu ko aiki Shefild da Manchesta sukan shekara ba su taka dajin ƙasar ba. Suna hango tsaunuka ta tagar jirgin ƙasa, su ɗauka gonar wani ce, shiga sai da izini. Ba haka ba ne. Yankin Peak District, da ke tsakanin biranen biyu, shi ne gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya, tun 1951. 'Yancin yawo a cikinsa kuwa sai da aka sha gwagwarmaya: a 1932 ɗaruruwan ma'aikata suka kutsa tsaunin Kinder Scout da gangan, har aka ɗaure wasu, kuma dokar shekarar 2000 ta buɗe wa masu tafiyar ƙafa irin waɗannan filaye. Ba a biyan ko sisi.

Ka fara da zagaye mai sauƙi. Hau jirgin ƙasa daga Shefild, cikin kusan minti 15 ka sauka a tashar Grindleford, daidai bakin dogon ramin da jirgin ya fito. Daga nan hanya ta shiga kwarin Padley, tsohon kurmi mai karkatattun itatuwa, duwatsu duk gansakuka ta lulluɓe su, ga rafin Burbage yana gangarowa. Ruwansa ja ne kamar shayi, ba don ƙazanta ba, baƙar ƙasar tudu ce ta rine shi. Duk da haka kada ka sha. Ka zo da naka, har da na alwala.

Kana fita daga kurmin sai sarari ya buɗe. Nan ne tsiron da ake kira heda ke mamaye tudu, gajere ne, da ƙyar ya kai gwiwa. Yawancin shekara ba shi da wani kyau, amma daga Agusta zuwa farkon Satumba yakan yi fure, tudun gaba ɗaya ya koma shunayya. In sau ɗaya za ka zo, to a lokacin ka zo. Ka nufi duwatsun Owler Tor da wurin da ake kira Surprise View, ka hango kwarin Hope a ƙasa, sannan ka gangaro ta tsohuwar mafasar dutse ta Bolehill, inda manyan duwatsun niƙa da aka sassaƙa aka yasar suke jere a gefen hanya, ka dawo tashar da ka baro. Da hutu da ɗaukar hoto, ka ware rabin yini.

Abin tsoro a nan ba kura ba ce, ba ɓarawo ba, yanayi ne. Rana na iya fitowa da hantsi, kafin azahar hazo da iska mai sanyi su rufe tudu. Silifas da takalmin zuwa ofis ba su da wuri. Ka nemi mai kama ƙasa, da rigar ruwa ko da gari ya yi wasai. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, don haka ka yi sammako. Ka sauke taswira a waya tun daga gida, domin sabis kan ɗauke a cikin kwari.

Kibiya rawaya a jikin turke na nufin hanyar ƙafa ce. Ƙofar shinge da ka tarar a rufe, ka mayar da ita a rufe, akwai tumaki. Kada a hura wuta ko a gasa nama, baƙar ƙasar nan in ta kama takan yi kwanaki tana ci. Bayan ka dawo ka duba ƙafafunka saboda kaska. Wanda kuka yi kiciɓis da shi zai gaishe ka, ka amsa. In wani ya ji rauni, ka kira 999, ka nemi 'yan sanda, ka ce masu ceto na tsauni kake so.

Kafin ka bar tasha, ka duba lokacin jirgin komawa, don ba kowane jirgi ke tsayawa a Grindleford ba.