Kunne Ma da Garinsu

'Ya'yana da jikokina na Turba, da ku na Isa da Sabon Birni da neman abinci ya watsa cikin birane, ku matso in gaya muku abin da ya tsaya mini a rai tun ƙaramar Sallah.

Wani jikana da ke koyon ɗinki a Kano ya zo gida hutu. Bayan isha'i muna zaure, na ce ya laluba mini Narambaɗa cikin wayarsa, don ni na sa aka tura masa kafin ya tafi. Yaron ya sunkuyar da kai. Da na matsa, sai ya ce ya goge. Abokan aikinsa ne suka ji yana saurare, suka yi ta dariya, wai kiɗan tsofaffi ne, wai ba a gane abin da mutumin ke faɗi, wai Sakkwatawa ko a waƙa sai sun murɗe Hausa. Ban yi masa faɗa ba. Da ya ce mini waƙoƙin fim sun fi yi masa daɗi, da ban damu ba, don ni ma ina saurayi na bi abin da iyayena ba su so. Kunyar da na gani a fuskarsa ita ce ta hana ni barci.

Ku sani, kunne ma rainonsa ake yi, kamar harshe. Yaron da ya tashi da fura da tuwon gero ba ya rasa dalilin son su, haka wanda ya tashi da doya. Kiɗan kowace ƙasa ya biyo aikin mutanenta da irin zaman da suke yi, kuma in ka san dalilin abu ba ka jin kunyarsa, ba ka kuma raina na wani.

Mu fara da namu. Ibrahim Narambaɗa ɗan Tubali ne, nan kusa da mu, ko da yake garin ya faɗa ɓangaren Zamfara bayan an yanke jihar a 1996. An ce mahaifinsa ɗan kokawa ne daga Filinge ta ƙasar Nijar. Shi ma ya taɓa kokawar, ya yi kiɗan noma, kafin ya zama makaɗin Sarkin Gobir Amadu na Isa. Kotso yake kaɗawa. Ku dubi kotso da kyau: baki ɗaya ke da fata, da hannu ake bugunsa, ba shi da hayaniya. Ganga ce mai ladabi, tana ja da baya ta bar wa magana hanya. Haka taushin Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar, haka kotson Musa Ɗanƙwairo da na Sa'idu Faru. Wannan yanki namu, daga Sakkwato zuwa Maradun, ƙasar fada ce da yaƙi da tsere wajen sarauta, sai ta haifi kiɗan da ake ji a zaune. Jagora ya ɗauko magana, 'yan amshi su karɓe ta su ƙarasa, ya sake ɗauko wata kafin waccan ta sauka. Ba don rawa aka yi shi ba. Sarki na zaune, hakimai na zaune, kowa ya kasa kunne yana jiran ya ji wa za a ɗaga, wa za a soka.

Nan ne gishirin yake. Makaɗin fada zai siffanta maka mutum tun daga rawaninsa har tafiyarsa da rowarsa, bai ambaci sunansa ba, amma duk wanda ke wurin ya san ɗan sarkin da ake nufi. Shi ne zambo, ƙanensa kuma habaici. Sai ka san wa ya haifi wa, wa ya nemi sarauta ya rasa, kafin ka ji daɗin abin har zuci. Ko sunan Sarkin Gobir ɗin nan gida biyu ke amsa shi a kusa da mu: na Isa jikokin Sarkin Musulmi Bello ne, na Sabon Birni jikokin Bawa Jan Gwarzo ne, waɗanda Ɗan Halima ya fito da su daga Tsibiri ya kafa musu sabon gari. Kirarin da za ka yi wa wannan ba shi za ka yi wa wancan ba. To, yaron da aka haifa a Fagge ko Kurna, ina zai san wannan? Bai yi ƙarya ba da ya ce bai gane ba. Kuskurensa ɗaya ne, da ya ɗauka abin da bai gane ba babu komai cikinsa. Hausar da suke cewa an murɗe kuwa, munka da sunka da wanga da shina, ita kakanninku suka yi ciniki da ita, suka yi wa'azi da ita, ba aro suka yi ba.

Ku gangara Katsina ku ji yadda abin ya sauya. Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 1999, kalangu ya riƙa, gangar mahauta da kasuwa, mai tsirkiya da ake matsawa a hammata ta yi magana. Shata bai zauna ƙofar sarki ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa 'yan kasuwa da direbobi da mata masu sana'a. Amshinsa gajere ne, ana ta maimaita shi, shi kuma yana zuba magana a kai, yadda ko baƙon da ya sauka tasha yanzu zai iya kamawa. Kiɗan hanya ke nan. Shi da Narambaɗa kowanne yana da waƙar da ake kira Bakandamiya. Ku nemi lokaci ku saurare su a jere, za ku ji bambancin fada da kasuwa da kunnenku, ba sai na faɗa muku ba.

Ɗan Maraya kuma Jos ce ta yi shi, garin kuza, inda kowa baƙo ne. Shi kaɗai da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, yana yi wa karen mota waƙa, yana shiga tsakanin miji da mata. A garin da ba wanda ya san kakan wani, me za ka yi da jerin asali? Sai ka yi maganar abin da ya haɗa kowa. Mata a Funtuwa suka kifa ƙwarya a ruwa, Barmani Coge ta faɗi abin da ke cikinsu. Haɗeja ta ba da gurmin Haruna Uji. Mu ma nan ba fada kaɗai gare mu ba: Ɗan Anace ya yi wa 'yan dambe, da Shago a kan gaba, Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta.

Kano da jikana ke zaune, gari ne da ya daɗe yana kallon finafinan Indiya a gidajen sinima tun kafin a haifi iyayenku. Da samarinta suka fara nasu finafinan, sai suka ɗauko salon namiji da mace suna amsa wa juna, suka ɗora a kan fiyano cikin situdiyo. Daga nan su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker suka fito. Na daɗe ina ƙin wannan kiɗa, ba zan ɓoye muku ba, har yau ma akwai kalaman da ba na so a sa a gidana. Amma na lura da abu guda. Yaron da ke birni shi kaɗai, ba dandali, ba wanda zai aika wurin yarinyar da yake so, wannan waƙar ce ke faɗa masa abin da bakinsa ya kasa. Kuma cikinsu akwai irin su Aminu Ala, wanda in ka saurare shi za ka san ya zauna ya koyi Hausa. Wannan Kanon dai ita ce ta bandirin Ƙadiriyya na gidan Ƙabara, alhali mu nan mun fi sabawa da waƙen wa'azi da baki zalla, irin wanda Nana Asma'u ta riƙa bai wa matan da ake kira jaji suna kai wa matan ƙauye.

Akwai abin da ya same ni da nake so ku guje masa. Ina saurayi na je cin rani Jos. Wani abokin aikina, mutumin ƙasar, ya kai ni bikin ƙauyensu. Da muka dawo ya tambaye ni yadda na ji kiɗansu, na ce masa hayaniya ce kawai. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Malam, ni ma naku da kake kamowa a rediyon Kaduna ban taɓa jin komai cikinsa ba. Amma na ga yadda kake lumshe ido in an sa shi, shi ya sa ban taɓa cewa komai ba." Shekara fiye da hamsin ke nan, maganar ba ta bar ni ba. Ya fi ni tarbiyya a ranar.

Kada kuma ku ɗauka taswirar gwamnati ita ce taswirar kunne. Bagobirin Tsibiri ko Maraɗi ya fi kusa da ku a jin kiɗa fiye da mutumin Zariya, ko da shi sefa yake kashewa ku naira. Tun da Alƙalawa ta faɗi a 1808 Gobirawa suka rabu gida-gida, daga baya Turawa suka ja layi a tsakani, amma kalangu bai taɓa tsayawa a bakin iyaka an duba masa takarda ba. Akwai wani Buzu mai jita daga Nijar, Mdou Moctar, wanda yau ake gayyatarsa Turai da Amurka. A Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, da irin na'urar lanƙwasa murya ta mawaƙan finafinan Hausa, suka bazu cikin hamada daga waya zuwa waya. Ya ɗauki na wasu bai yar da Buzancinsa ba.

Abin da ya sa nake wannan dogon zance shi ne, ni na san abin da ku ba ku gani ba. Na ga Turba da kaka, an kawar da gero, gangar noma ta huta, 'yan dambe sun fito fili, 'yan mata na gaɗa a farin wata har dare ya raba. Na ga ana kwana a hanya don cin kasuwar Shinkafi ta Alhamis, a dawo da sabuwar waƙa a baki. Yau 'yan bindiga sun hana mu wannan. Magariba na yi kowa ya shige, gayya ta yi wuya, dangi da yawa sun tsallaka Gidan Rumji da Madarunfa neman tsira. Allah ya kawo mana ƙarshensa. Da can ba sai an koya wa yaro kiɗan garinsu ba, iska ce ke kai masa. Yanzu in ba ku neme shi da gangan ba, ba zai zo muku ba, kuma waƙar daka da ta niƙa da ta reno da ke bakin kakanninku mata ba ta cikin kowace waya. Ku zauna kusa da su, ku roƙe su, ku ɗauka da wayoyin nan naku. Ku tambaye su wa ya koya musu, kuma a wane gari.

Kai kuma jikana, in Allah ya kai mu babbar Sallah, ka sa a mayar maka da abin da ka goge. Ka zo zaure bayan isha'i mu bi waƙar ɗiya-ɗiya, in gaya maka wanda ake yabo da wanda ake yi wa zambo, da abin da ya haɗa su. Ka taho mini da guda cikin naku na Kano, wadda ka fi so, ka zauna ka warware mini ita yadda zan ji. In cikin abokan nan naka akwai mai son zuwa, kuma hanya ta yi kyau, ka taho da shi, akwai tabarma.